Funfuna a ɗakin haya: wa zai biya a Damagaram?

Damagaram gari ne da aka sani da ƙarancin ruwan sha, amma daga Yuli zuwa Satumba kukan masu haya na danshi ne. Bango ya yi baƙi daga ƙasa, katifa ta ɗauki wari, kayan cikin akwati su yi funfuna. Daga nan sai rigima: mai gida ya ce ƙazantar ɗan haya ce, ɗan haya ya ce ginin ne ruɓaɓɓe.

Ruwan sama yana da nasa kason. Damunar 2024 ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, kuma a watan Satumban shekarar ne tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa wajen 1850, ya rushe. Garin kan duwatsu yake zaune, ruwa ba ya saurin nutsewa, ga kududdufai da aka cike aka yi gini a kansu. Sai dai ba bana aka fara damuna ba. Abin da ya sake shi ne wanda ke kula da gidan.

A gidajen Birni da Zango na da, mai gida shi ke kwana a ɗakinsa. Kafin ruwan farko zai kira magina su sake yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo, a toshe tsagar soro, domin in ya yi sakaci kansa ruwan zai zuba. Da gari ya cika da ma'aikata da ɗalibai, musamman bayan buɗe jami'a da matatar man SORAZ da ta fara aiki a 2011, gida ya zama jari. Mai shi yana wata unguwa, ko yana Yamai, dillali ke karɓar kuɗin wata. Ɗan haya kuwa ba zai kashe kuɗinsa a bangon wani ba. Gyaran shekara-shekara ya faɗa tsakanin su biyun, ba mai ɗauka.

An nemi mafita da siminti, ita ce ta ƙara dagula lamarin. Bangon ƙasa yana shan danshi, rana ta fito ya fitar. In aka lulluɓe shi da siminti da fenti mai sheƙi, ruwan da ya hau daga tushe ko ya shiga ta tsaga ba shi da hanyar fita, sai ya ɓullo ta cikin ɗaki. Sababbin ɗakunan bulo da ake jerawa don haya ma ba su tsira ba: taga guda ƙarama, rufin kwano, bayan gida jingine da bangon ɗakin kwana. Masu asma da ƙananan yara ne ke fara shan wahalar danshin.

A shari'a magana biyu ce. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gida, ƙananan a kan ɗan haya. A fiƙihun Malikiyya kuwa, ra'ayin da ya shahara shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in ɓarnar tana cutarwa ɗan haya yana da damar fasa hayar. Wannan dama tana da amfani inda ɗakuna suka wadata. Ga mai iyali a tsakiyar Agusta, "in ba ka so ka tashi" barazana ce kawai. Kuma da yake haya da yawa da baki ake ƙulla ta, in an je gaban mai unguwa sai a yi sulhu, a ba ɗan haya haƙuri, ranar tashi kuma a cire kuɗin fenti daga abin da ya ajiye.

A ganina, a bi sawun ruwan. In yoyon rufi ne, ko danshin tushe, ko bututun da ke cikin bango, na mai gida ne, har da katifar da ta lalace bayan an sanar da shi. In shanya ce a ɗaki a rufe, ko shara ta toshe magudanar tsakar gida, ko an ga yoyo an yi shiru har ya ci bango, na ɗan haya ne. Wannan rabo ba ya yiwuwa sai an san halin da ɗakin yake ranar shiga, kuma wanda ya kama ɗaki da rani ba zai ga komai ba, don bango a bushe yake, fenti sabo. Ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara, ya ɗauki hoton bangon da wayarsa a gaban dillali.