Giya da ƙwaya: ina gaskiyar magana take?

Akwai wata gardama da ake yi yanzu ko'ina, a fada, a tasha, har a ajin yaƙi da jahilci bayan an tashi karatu. Samarin da suka komo daga bida suna cewa: ga giya nan ana saida ta a birni da takardar izini, amma wanda aka kama da ƙullin wiwi sai gidan kaso. Don mi? Dattijai su amsa musu cewa duka kayan maye ne, addini ya hana. Amma gardamar ba ta mutu ba, kuma iyaye suna kallo 'ya'yansu na lalacewa.

A fara da giya. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600. A 2010 wasu masana na Ingila suka auna ɓarnar kayan maye iri 20. Bisa 100, giya ta samu 72, hiroyin 55, wiwi 20. Dalili shi ne giya ba mai shan ta kaɗai take cuta ba. Tana kawo hatsarin mota, da faɗa, da dukan iyali, ga ta kuma da sauƙin samu. Ga jikin mai sha kuwa, hiroyin ta fi ta mugunta. Ashe takardar izini ba ta wanke giya ba.

To, a hana kome da ƙarfi ke nan? Amurka ta gwada. Daga 1920 zuwa 1933 ta hana saida giya. 'Yan fasa-ƙwauri suka yi arziki, mutane suka yi ta mutuwa da giyar ɓoye mai guba, tilas aka janye dokar. Wannan ce hujjar masu cewa a halatta. Ƙasar Urugwai ta halatta wiwi a 2013, ana saida ta a gidan magani ga wanda ya rubuta sunansa, giram 40 a wata. Kanada ta bi a 2018. Amma ba wadda ta buɗe kasuwar hodar ibilis cikinsu.

Akwai hanya ta uku. A 2001 ƙasar Fotugal ta raba mai saidawa da mai sha. Mai saidawa ana ɗaure shi kamar da. Wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana 10 ba, ana kai shi gaban wani kwamiti da ke iya tura shi wurin magani. Cutar sida ta ragu ƙwarai tsakanin masu yi wa kansu allura. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi haka a 2020, amma gidajen magani ba su wadata ba. Shaye-shaye ya fito fili bisa titi, a 2024 aka maido da hukunci.

A Nijar, abin da ya fi damun karkara shi ne tiramol. Asalinsa maganin ciwo ne, likita ke rubuta shi, miligiram 50 ko 100. Wanda ake saidawa bisa tebur a kasuwa yakan kai 225. Saurayi ya sha don ya yi noma ba gajiya, ɗan kabu-kabu ya sha don ya wuni bisa babur. Kwana kaɗan ƙwaya ɗaya ba ta isarsa. Daga nan sai faɗuwa kamar mai farfaɗiya, sai saida hatsin rumbu a ɓoye. Duk mai son ya ga abin da ke faruwa in ƙwaya ta samu sake, ya dubi tiramol.

Manyan dillalai kuwa ba a ƙauye suke ba. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai, kayan da suka shigo ta Lome za su Libiya. Tun a 2014 wani kwamitin Afirka ta Yamma, ƙarƙashin tsohon shugaban Najeriya Obasanjo, ya ba da shawara a ɗauki mai sha a matsayin maras lafiya, a sa ƙarfin hukuma bisa masu safara.

Ga abin da darasin ƙasashen nan ya nuna. Halatta abu ba ya raba shi da gubarsa, giya ce shaida. Ɗaure yaro kuma ba ya raba shi da ƙwaya. Uban da ya ga ɗansa ya daina cin tuwo, ba ya barci, yana fushi ba dalili, kada ya ɓoye don kunya, kada kuma ya kore shi. Ya kai shi gidan likita tun da wuri. Mai tebur da ke saida wa yara ƙwaya kuwa, maigari da jandarma ya kamata su san da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.