Sa Wa Tsohuwar Akori-kura Sabon Sifirin Baya: Awon Da Ake Yi Kafin a Taɓa Noti

Wanda ya taso a Kaduna, Kano ko Zariya ya san Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 a Najeriya har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Samfurin akori-kurarta ya ɗauki buhunan masara, bulo da shanu na shekaru masu yawa. Yau irin wannan mota kan faɗo hannun matashi ta hanyar gado ko saye da araha, kuma abu na farko da ido ke gani shi ne bayanta ya zauna, wani lokaci ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Sifirin ne ya gaji.

Sai a ɗauki waya a shiga kasuwar intanet, a ga sifirin da wani kamfani dabam ya ƙera, ba na asalin motar ba, an rubuta cewa ya dace da motoci iri-iri. A nan kuɗi ke fara salwanta. Sifirin da bai dace ba yana iya cinye taya, ya tsinka bututun birki, ko ya bar aksul ya goce a kan titi da kaya a baya.

Aikin da sifirin ke yi

Ƙaramar 504 ta fasinja tana da sifirin mai murɗi a baya. Akori-kurar kuwa, kamar Toyota Hilux, an sa mata mai falle-falle: dogayen fallayen ƙarfe masu lanƙwasa, an jera su ɗaya kan ɗaya, wani noti da ake kira senta-bol ya ratsa tsakiyarsu ya haɗe su. Falle mafi tsawo yana da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a kafe yake a jikin shasi. Idon baya yana rataye ne a wata 'yar mahaɗa mai lilo, wato shakul, domin duk lokacin da nauyi ya danne sifirin, yana miƙewa ya ƙara tsawo, kuma dole a bar masa wurin motsi.

Ɗaukar nauyi rabin aikinsa ne. Ɗaya rabin shi ne riƙe aksul a inda ya kamata ya tsaya. Kan senta-bol yana shiga wani rami a mazaunin da ke jikin aksul, sannan yu-bol, wato notuna biyu masu siffar U, su matse komai wuri guda. Ƙarfin injin da ke tura mota gaba da ƙarfin birki da ke tsayar da ita duk ta jikin sifirin suke bi zuwa shasi. Saboda haka kuskuren santimita ɗaya a wannan wuri ba ƙarami ba ne.

Awo kafin ciniki

Kafin a tura wa kowa kuɗi, ana bukatar tef na awo da kyamarar waya. Abubuwa biyar ake aunawa a jikin tsohon sifirin: tsawo daga tsakiyar idon gaba zuwa senta-bol, tsawo daga senta-bol zuwa tsakiyar idon baya, faɗin falle, kaurin kowane falle da adadinsu, sai kuma faɗin ramin ido inda bushi ke shiga. Tsawon nan ana bin lanƙwasar fallen ne wajen auna shi, domin tazarar kai tsaye tsakanin ido da ido tana canzawa gwargwadon yadda sifirin ya gaji.

A motoci da yawa, rabin gaba ya fi rabin baya gajarta. Idan aka juya sifirin aka sa shi baibai, duk notunan za su shiga, amma tayar ba za ta tsaya a tsakiyar gurbinta ba, kuma tsawon da farfela ke bukata zai canza. Shi ya sa ake sa alamar gaba da fenti ko alli tun kafin a kwance tsohon.

Akwai kuma awon tsayin mota. A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri ba kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodin da ke samanta, hagu da dama, a rubuta a waya. Da waɗannan lambobi za a gane bayan aiki ko motar ta daidaita da kuma yawan tashin da ta yi.

Lissafin kauri

Masu saye da yawa suna ƙirga fallaye kawai, su ce mai bakwai ya fi mai biyar. Kauri ya fi adadi tasiri. Taurin falle yana ƙaruwa ne da kaurinsa sau kansa sau kansa. Falle mai milimita 7 yana ba da 343, mai milimita 8 yana ba da 512. Wato ƙarin milimita ɗaya kacal ya ƙara tauri da kusan rabi. Ƙara falle ɗaya a kan biyar masu kauri iri ɗaya kuwa, abin da yake ƙarawa bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 ba.

Sifirin mai tauri sosai yana ɗaukar kaya ba tare da ya zauna ba, amma idan motar ba kaya sai ta riƙa tsalle a kan gargada, tayoyin baya su rage kama ƙasa. Kuma sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa aksul, taya ko birki ƙarfi. Motar da ta daina zama ƙarƙashin kaya tana iya ruɗar direba ya ɗora mata abin da birkinta ba zai tsayar ba.

Yadda ake ɗaurawa

Ana canja sifirin biyu ne tare, hagu da dama. Sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen yana karkatar da mota.

Da farko a tokare tayoyin gaba. A ɗaga bayan motar a ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota, jak kuma ya koma ƙarƙashin aksul yana tallafe da shi. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne ga wanda zai shiga ƙarƙashin mota, haka ma bulon siminti, domin yana fashewa ba sanarwa. Kwana ɗaya kafin aikin ana fesa wa notunan man sassauta tsatsa, kuma kafin a kwance komai ana ɗaukar hoto ta kowane ɓangare.

Ana yin gefe ɗaya a gama kafin a koma ɗaya, don aksul kada ya mirgine. A kwance ƙasan shokoba, a cire yu-bol, a raba aksul da sifirin a hankali da jak ana lura da bututun roba na birki kada ya ja. Sannan a zare notin shakul da na idon gaba.

Wajen mayarwa, idon gaba ake fara ratayawa, sai na baya, amma ba a matse notunansu tukuna. A daidaita aksul har kan senta-bol ya faɗa cikin raminsa sosai. Idan bai shiga ba aka matse, ko dai kan ya karye ko aksul ya zauna a karkace, motar ta riƙa tafiyar kaguwa tana cin taya.

Yu-bol sabo ake sawa. Tsohon ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko, zarensa ya canza, ba zai sake riƙewa kamar da ba. Ana matse notunansa huɗu a giciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, bisa adadin da mai ƙera kayan ya bayar.

Notunan ido da na shakul sai an sauke motar tayoyinta sun ɗauki nauyinta ake matse su. Idan aka matse tana rataye, bushin roba zai murɗe da zarar ta sauka, ya zauna a murɗe har ya yage da wuri. Bushin roba kuma ba a shafa masa giris na yau da kullum, domin man fetur da ke cikinsa yana lalata roba.

Abin da ake dubawa bayan an gama

Idan sabon sifirin ya ɗaga motar fiye da tsayinta na asali, abubuwa uku ne ke shiga haɗari. Shokoba na iya yin gajarta. Bututun birki na iya miƙewa idan taya ta faɗa rami. Sannan a motar da ke da na'urar rage ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya, na'urar za ta ɗauka motar ba kaya ko da an loda ta, sai an sake saita ta.

A nan waya na da amfani. Manhajar auna karkata, wadda ke aiki da na'urar jin motsi da ke cikin kowace wayar zamani, tana iya nuna kusurwar shakul hagu da dama. Ya kamata su yi daidai da juna, kuma shakul ya kasance yana da sauran wurin lilo. Da tef kuma a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a ɓangarorin biyu, sitiyari na miƙe. Bambanci babba yana nufin aksul bai zauna daidai ba.

Bayan tafiyar farko da kaya, a koma a sake gwada yu-bol da sifana, domin fenti da 'yar tazarar da ke tsakanin sababbin fallaye suna lotsawa, ɗaurin ya sassauta. Yu-bol mai sako-sako yana cikin manyan dalilan da ke sa falle ya karye a daidai ramin senta-bol.

Gyaran tsoho ko sayen sabo

A garejoji ana buga tsohon falle da guduma don a dawo masa da lanƙwasarsa. Motar kan tashi na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, zai sake zama. Abin da ya fi haɗari shi ne yi wa fallen da ya tsage walda ko gasa shi da wuta. Ƙarfen sifirin an toya shi ne an sanyaya bisa ƙa'ida a masana'anta, kuma zafin walda yana ɓata wannan, ya bar wurin da zai karye nan gaba. Idan babban falle ne ya karye ta gaban aksul ana cikin gudu, tayar wannan gefe za ta koma baya.

Ga wanda zai saya ta intanet, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi mai sayarwa ya turo hoton sifirin da tef a kansa, yana nuna awon nan guda biyar. Wanda kayansa suka dace ba zai ƙi ba. Idan lambobin ba su zo ɗaya da na tsohon ba, gara a ci gaba da nema.