Samanja: Marubucin da kakin soja ya ɓoye

Duk wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa a lokacin dokar ta-ɓaci da aka ƙaƙaba wa Jihar Yobe daga watan Mayun 2013, ya san wata irin Hausa da ba a koyar da ita a aji. Ita ce Hausar shingen bincike. Direba ya tsaya, fasinjoji su sauko, soja ya matso da bindiga a kafaɗa ya jefo tambaya cikin Hausar da ta gauraya da Turancin buroka, wadda ba ruwanta da bambance namiji da mace, ba ta kuma san rarrashi ba. A gaban sojan babu mai ko murmushi. Sai mota ta yi nisa wani dattijo a kujerar baya zai kwaikwayi muryar, a tuntsire da dariya gaba ɗaya. In akwai waɗanda suka haura shekara arba'in a cikin motar, da wuya a isa Gashuwa ba a ambaci Samanja ba.

Alhaji Usman Baba Pategi, wanda Arewa ta fi sani da Samanja Mazan Fama, ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamban 2023 yana da shekaru sama da 80. Ta'aziyya ta zo daga ko'ina, har da rundunar sojan ƙasa, kuma kusan kowa da suna ɗaya ya kira shi: fitaccen ɗan wasan kwaikwayo. Ba ƙarya aka yi ba, amma rabin magana aka faɗa. Mutumin da ke tsawa a akwatin talabijin shi ne kuma ya ƙirƙiro mai tsawar, ya tsara labarin, ya zaɓa masa harshe. Marubuci ne. Sai dai rawar da ya taka ta yi ƙarfin da ta haɗiye sunansa na yanka, ta haɗiye sana'arsa ta farko tare da shi.

An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin Kogin Kwara a jihar Kwara ta yanzu, cikin gidan sarautar Etsu. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce makarantar midil ta Ilori, sannan ya nufi Kaduna kamar dubban matasan Jihar Arewa na wancan zamani. Ya fara taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya shiga gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962. Daga nan ya sa kaki, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya same shi a soja. Da ya koma gaban makirufo, bai koma hannu rabbana ba: ya zo da bariki a kunnensa.

Wannan kunne shi ne jarinsa. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen rundunar sojan da suka kafa a ƙasar nan, har ana sa hafsoshi Turawa su ci jarrabawarta. Kuratan da aka ɗebo daga ƙasar Tibi, da Zuru, da tsaunukan Filato, da Barno, da ita suke karɓar umarni, da ita suke faɗa da juna. A bakinsu ta zama wata aba daban da ake kira Barikanci, ta kuma bar wa Hausar gari gado: kofur, saje, manjo, fareti, kurtu, da ita kanta kalmar samanja, wadda sunan muƙamin sajan-manjo ne da harshen Bahaushe ya sassaƙe. Kafin Usman Pategi wannan Hausa abin raini ce ga masu ji da tsantsar harshe. Shi ne ya ɗauke ta daga filin fareti ya ɗora ta a kan dandamali, ya nuna cewa tana da nata kari, da nata salon zagi, da nata hanyar nuna ƙauna a fakaice.

Ba abin mamaki ba ne shirin ya samu gindin zama a garuruwa irin su Nguru da Gashuwa. Nguru ƙarshen layin dogo ce tun 1930, kasuwar da Manga da Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da Inyamuri suka daɗe suna ciniki a rumfa ɗaya. Gashuwa kuwa fadar Mai Bade ce. A duka biyun Hausa harshen haɗuwa ce, kuma da yawa daga masu magana da ita ba ita suka fara ji a bakin uwa ba. Mai sauraro a can, da ya kama Rediyon Kaduna a gajeren zango, ba baƙon abu yake ji ba in Samanja ya karya nahawu. Maƙwabcinsa yake ji, wani lokaci ma kansa. Kuma tun da mai karya nahawun Banufe ne da ya koyi Hausa kamar yadda su ma suka koya, dariyar ba ta zama ta ɗan gari a kan baƙo ba. Wannan bambanci siriri ne, amma a kansa wasan barkwanci da yawa suke faɗuwa.

Akwai wata dabara da ta fi ta harshe zurfi, ita ce zaɓen muƙami. A tuna cewa shekarun da shirin ya yi tashe, na 1970 da na 1980, galibinsu na mulkin soja ne. A 1984 Doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta tsare lauya Gani Fawehinmi, kuma ba wani wuri aka kai shi ba sai kurkukun Gashuwa, wanda nisansa da zafinsa suka sa ya zama wurin jefa masu taurin kai. A cikin irin wannan yanayi ne gidan talabijin na gwamnati yake sako mutum sanye da kaki, jama'a na ƙyalƙyala masa dariya mako bayan mako.

Yaya aka yi hakan ya yiwu? A ganina amsar tana cikin igiyoyin da marubucin ya ɗaura wa gwarzonsa. Bai mai da shi janar ba, bai mai da shi gwamna ba. Samanja mutumin tsakiya ne: na ƙasa da shi suna karkarwa in ya buɗe baki, shi kuma dole ya ƙame ya sara wa ƙaramin hafsa da bai kai ɗan cikinsa ba. Iko a bakinsa yake, amma ba nasa ba ne, aro aka ba shi. Manya za su iya kallo su yi dariya don ba su ake nufi ba, talaka kuma ya yi dariya don ya ga kakin da yake tsoro a hanya ya shiga gida ya gamu da rigimar cefane da ta maƙwabta kamar kowa. Mai karatu da ke aiki a sakatariyar tarayya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk ma'aikatar da ka shiga akwai samanjanta: tsohon akawun da ya fi darakta sanin inda kowane fayil yake, ko hadimin da ke isar da umarnin mai gida da muryar da ta fi ta mai gidan kauri. Ana iya cewa wannan taka-tsantsan ne ya hana shirin taɓa waɗanda suka fi cancantar a taɓa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya ce haka ya tuna da abin da ya sami waɗanda suka taɓa su.

Dalili ɗaya da ya sa ba a kallon irin su Usman Pategi a matsayin marubuta shi ne yadda ƙungiyoyin wasan Hausa na lokacin suke aiki. Sau da yawa ba a raba wa 'yan wasa takardar da ke ɗauke da kowace kalma. Mai shiri zai zo da ƙashin labari, ya faɗa wa kowa inda zai shiga da inda zai fita da abin da dole ya fito daga bakinsa, sauran kuma a bar wa basira. Waɗanda suka yi karatun adabin Turanci kan ɗauka cewa abin da ba a buga da tafireta ba bai kai rubutu ba. Kuskure ne. Wanda ya gina hali har ya tsaya da ƙafarsa shekara da shekaru, ya san abin da zai faɗa da abin da ba zai taɓa faɗa ba, ya yi aikin marubuci mafi wuya. Matsalar ita ce irin wannan rubutu ba ya barin sawu a takarda. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu, da na Yusuf Ladan, Zaman Duniya Iyawa Ne, sun zama littattafai, ɗalibai na nazarinsu har gobe. Samanja kuwa gidansa iska ce da kaset.

A nan ne labarin wani Baturen Ingila yake da amfani, domin rayuwarsa ta yi kama da ta Usman Pategi har abin ya ba da mamaki. Jimmy Perry, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2016, ya shiga rundunar 'yan sa-kai masu tsaron gida yana matashi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya aka tura shi Indiya a rundunar manyan bindigogi, inda ya shiga ƙungiyar da ke nishaɗantar da sojoji. Bayan yaƙi ya daɗe yana fafutuka a matsayin ƙaramin ɗan wasa. Sai da ya juya ga abin da ya gani da idonsa sannan ƙofa ta buɗe. Tare da David Croft ya rubuta Dad's Army, wanda BBC ta nuna daga 1968 zuwa 1977 cikin kashi 80, sannan It Ain't Half Hot Mum, daga 1974 zuwa 1981, wanda shi ma ginshiƙinsa wani samanja ne mai tsawa. Wannan na biyun BBC ta daina maimaita shi saboda yadda ya siffanta Indiyawa, wato ya faɗa ramin da Samanjanmu ya tsallake. Amma ba a taɓa ruɗewa a kan wane ne marubuci ba. Sunan Perry yana fitowa a farkon kowane kashi, kuma a 1978 an ba shi lambar girma ta Birtaniya saboda aikinsa.

Kada a ɗauka Turawan ba su yi ɓarna ba. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970 BBC tana goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shirye don ta sake ɗaukar sababbi a kansu, saboda kaset na da tsada kuma ba wanda ya zaci za a sake neman su. Kashi biyar na Dad's Army sun salwanta ta haka. A 2001 biyu suka dawo, daga cikin gwangwanayen fim da wani ya tsinto a juji ya ajiye a rumfar bayan gida shekaru da yawa. Sauran ukun hotunansu ba su dawo ba, amma a 2019 aka sake ɗaukar su da sababbin 'yan wasa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne takardun da Perry da Croft suka rubuta suna nan, kalma bayan kalma.

Mu ba mu da wannan madogara. Idan kaset ɗin Samanja ya mutu, ba takardar da za ta tashe shi yadda yake, kuma kaset mutuwa yake yi. Irin waɗanda gidajen talabijin suka yi amfani da su a wancan zamani, U-matic da Betacam, zafi da laima da ƙura suna cinye su, injinan da ke karanta su kuma an daina ƙera su tun tuni. Gidajen da shirin ya fito daga cikinsu ba na kasuwa ba ne: talabijin ɗin Kaduna ya shiga ƙarƙashin NTA da aka kafa a 1977, rediyon ya zama reshen Rediyon Tarayya a 1978. Ke nan duk abin da ya rage a ɗakunan ajiyarsu dukiyar gwamnatin tarayya ce, kamar mota ko gini, kuma a Abuja ake sa hannu a kan kasafin kula da ita. Akwai ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, akwai reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma Gidan Arewa. Wuraren ajiya ba su ne suka yi ƙaranci ba. Aikin da ke gaba shi ne a ƙirga abin da ya rage, a juye shi zuwa kwamfuta, a rubuta maganganun da ke ciki, a sa kwanan wata da sunan wanda ya tsara da waɗanda suka fito. Ba aikin biliyoyi ba ne. Takarda ɗaya daga ofishin babban sakatare ko tambaya ɗaya a zaman kare kasafi a majalisa tana iya tayar da shi, kuma masu rubuta irin waɗannan takardu da tambayoyi su ne masu karanta wannan shafi.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Kasimu Yero, gwarzon Karambana da Magana Jari Ce, ya riga Samanja tafiya tun 2017. Waɗanda suka tsaya a bayan kyamara a Kaduna a shekarun nan, waɗanda za su iya kallon guntun hoto su ce wannan a shekara kaza aka ɗauka, wane ne ya kawo labarin, suna raguwa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi haƙƙin a ambaci sunan mai aiki a jikin aikinsa, amma doka ba ta iya ambatar sunan da ba wanda ya rage ya tuna.

A yanzu dai Samanja yana yawo ne a wayoyi. A kasuwar Nguru, kamar sauran kasuwannin Arewa, akwai rumfunan masu tura fina-finai a katin waya, kuma a intanet ana samun guntayen shirin da wasu suka ɗauka daga talabijin a gidajensu tun zamanin bidiyo. Hoton ya dushe, sautin yana shaƙewa, galibi an yanke farko an yanke ƙarshe, daidai wuraren da ake rubuta sunaye. Yaron da ya biya kuɗi aka tura masa zai ga wani soja yana zare ido yana tsawa, zai yi dariya kamar yadda kakansa ya yi a gaban rediyo. In ka tambaye shi wa ya rubuta, zai ce ai Samanja ne kawai yake magana.