Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sayen Gidan Hutu a Bakin Tafkin Wakatipu

Can a tsibirin kudu na ƙasar New Zealand akwai wani gari mai suna Queenstown, wanda ke zaune a bakin tafkin Wakatipu, manyan duwatsu sun yi masa ƙawanya. Tsawon tafkin ya kai kilomita 80, zurfinsa kuma a wani wurin ya kusa mita 380. Zinariya ce ta fara tara jama'a a wurin a 1862, yau kuwa yawon buɗe ido da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne ke riƙe da garin. An daɗe attajirai na gida da na waje suna rububin mallakar gidan hutu a nan da kuma garin Wanaka da ke maƙwabtaka, har gidajen yankin suka zarce na Auckland, birni mafi girma a ƙasar, wajen tsada. Hoton da dillali zai nuna maka gaskiya ne, wurin yana da kyau. Sai dai akwai abubuwan da hoto ba ya ɗauka, kuma su ne mai saye zai zauna da su.

Na farko shi ne doka. Kuɗi kaɗai ba ya sayen gida a can. A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta hana baƙin da ba mazauna ba sayen gidajen da aka riga aka gina, in ban da 'yan Ostireliya da Singafo, waɗanda yarjejeniyar ciniki ta kare. Abin da ya jawo haka shi ne kukan 'yan ƙasa cewa gida ya fi ƙarfinsu. Labarin attajirin nan na Amurka, Peter Thiel, ya ƙara hura wutar, domin a 2017 aka gano cewa tun 2011 aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, alhali kwana 12 kacal ya yi a cikinta a shekara biyar kafin nan, kuma a 2015 ya sayi fili mai faɗin hekta 193 a bakin tafkin Wanaka. Duk da dukiyarsa, a 2022 hukumar yankin ta ƙi ba shi izinin gina masaukin alfarma a filin, saboda ginin zai ɓata kyan wurin. Mallakar fili daban, izinin gini daban. A watan Satumbar 2025 kuma gwamnati ta ba da sanarwar sassauci ga baƙi masu bizar zuba jari, su sayi gidan da ya kai dalar New Zealand miliyan 5 ko fiye. Dokar da ke sauyawa da sauyin gwamnati kuwa, sai mutum ya nemi lauya ya faɗa masa inda ta tsaya kafin ya ba da kafin alƙalami.

Na biyu shi ne ƙasar da gidan ke kai. Duwatsun da ke burge ido, motsin ƙasa ne ya tayar da su, kuma motsin bai ƙare ba. Akwai wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa yammacin tsibirin, wadda masana suka gano tana yin babbar girgiza kusan duk shekara 300. Ta ƙarshe ta auku ne a 1717. Wani bincike da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yiwuwar ta sake girgiza cikin shekara 50 masu zuwa ya kai kashi 75 cikin ɗari. Gidan da ke kan gangaren dutse yana fuskantar zaftarewar ƙasa, na bakin ruwa kuma ambaliya, kamar yadda tafkin ya cika ya shiga tsakiyar Queenstown a watan Nuwambar 1999. Saboda haka mai hankali ba ya sa hannu sai injiniya ya duba ƙasar, kamfanin inshora kuma ya faɗi abin da zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba.

Na uku shi ne nisa. Keɓewar da ake biyan kuɗi dominta, ita ce ke zama matsala ranar da ciwo ya tashi cikin dare. Asibitin yankin ƙarami ne, mai tsananin ciwo sai an kai shi Invercargill ko Dunedin, tafiyar sa'o'i a mota, ko kuma a ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu. Hunturunsu yana faɗowa ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da hanyar da ta hau dutse tsakanin Queenstown da Wanaka kan daskare, har sai an ɗaura wa tayoyin mota sarƙa. Ko ruwan sha ma ba a rasa cikas ba: a watan Satumbar 2023 wata ƙwayar cuta ta ɓulla a Queenstown, aka umarci mutane su riƙa tafasa ruwan famfo na tsawon makonni.

Gidan da ba kowa a ciki kuwa ba ya daina cin kuɗi. Harajin hukumar gari yana nan, inshora tana nan, ga mai gadi da mai kula da lambu, ga ɗumama ɗakuna don kada bututun ruwa ya daskare ya fashe. Wasu kan ce za su mayar da kuɗinsu ta hanyar ba 'yan yawon buɗe ido haya ta manhajar Airbnb, amma hukumar yankin ta sa ƙa'idoji a kan irin wannan haya, har da iyakance yawan kwanaki a shekara. Wanda ya gaji ya sayar cikin shekara biyu kuma, gwamnati na iya karɓar haraji a kan ribar da ya ci.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne halin da mutanen garin ke shiga. Yawancin gidajen hutu a rufe suke mafi yawan shekara, alhali masu dafa abinci a otal-otal, da direbobi, da ma'aikatan jinya, da malaman makaranta suna fama da neman ɗakin haya. Jaridun ƙasar sun sha kawo labarin ma'aikatan da ke kwana a cikin mota cikin tsananin sanyi. Tun 2007 aka kafa wata gidauniyar samar da gidaje masu rangwame a yankin, amma masu jiran layi sun fi gidajen yawa. Wannan matsala tana komawa kan mai gidan hutun da kansa, domin ranar da rufinsa ya yi yoyo, mai gyaran da zai kira yana iya kasancewa ya tattara ya bar garin saboda tsadar haya. Ba New Zealand kaɗai ba ce ta ga haka. A Suwizalan, ƙasar duwatsu da tafkuna, jama'a sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 2012, suka hana gina sababbin gidajen hutu a duk garin da irinsu suka wuce kashi 20 cikin ɗari na gidajensa.

Ba laifi ba ne mai hali ya nemi wurin hutawa da halalinsa. Shawara dai ita ce ya fara kama haya a garin, ya ga hunturunsa kafin ya yi ciniki. Ya lissafa kwana nawa zai iya yi a gidan a shekara, ya raba kuɗin kula da shi a kan kwanakin, ya gwada da kuɗin otal mafi tsada a garin. Idan lissafi ya fita kuma ya saya, to ya tuna ya shiga cikin mutane ne, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko da sau ɗaya ake ganinsa a shekara. Bai wa ma'aikacin garin hayar wani sashe na gidan na dogon lokaci ya fi barin sa a kulle, ga gidan da garin baki ɗaya.