Idan Caja Ta Mutu A Cikin Garanti, Wa Zai Ɗauki Asara?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin kowane magidanci a ƙasar nan ya canja. Litar man da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Wannan ne ya sa hankalin jama'a ya fara komawa ga abubuwan hawa masu aiki da lantarki, waɗanda ba ruwansu da layin gidan mai. A unguwanninmu na arewacin Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Dosa har Rafin Guza, mun fara ganin ƙananan babura masu batir suna wucewa shiru kamar iska, ba ƙara ba hayaƙi.

Motar lantarki ma ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona a Legas, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a cikin gida. A watan Afrilu na 2021 kuma Hukumar Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, wato NADDC, ta buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi suna a Amurka saboda zana fasalin motar Chevrolet Volt. A Maiduguri ma gwamnatin Borno ta fito da tasi masu lantarki a Disamba 2023.

To, 'yan'uwa, duk wanda ya sayi irin wannan abin hawa, babur ne ko keke ko mota, ya sayi abu biyu ne a haɗe: abin hawan, da kuma cajar da ke ciyar da shi. Ranar da caja ta mutu, abin hawan ya zama kayan ado a tsakar gida. Tambayar da muke so mu duba yau ita ce, idan haka ta faru alhali kayan suna cikin garanti, wa zai ɗauki asarar, kuma ta wace hanya talaka zai bi a canja masa?

Yadda caja ke mutuwa

Wutar da ke shigowa gidajenmu an tsara ta ne a kan bolt 230. Amma duk mazaunin Kaduna ya san ba kullum take zuwa haka ba. Wata rana ta zo ƙasa-ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wata rana a dawo da ita da ƙarfi ta fasa ƙwai. Aikin caja shi ne ta karɓi wannan wuta ta miƙa wa batir daidai gwargwadon abin da zai iya ɗauka, tana sa ido kuma a kan zafi. Cajar mota irin wadda ake kafawa a bangon gida takan ja kimanin kilowat 7, kamar a ce an jona dutsen guga bakwai a lokaci ɗaya, kuma mota irin Kona takan ɗauki awa 9 zuwa 10 kafin ta cika. Tsohon wayarin na gidan haya ba zai iya da wannan nauyi ba. Cajar babur ba ta kai haka ja ba, amma ita ma awoyi take yi a jone.

Saboda haka mutuwar caja tana iya fitowa ta ƙofa huɗu. Akwai lahanin da ta taho da shi daga masana'anta. Akwai kuskuren wanda ya kafa ta, kamar siririyar waya ko rashin wayar da ke sauke wuta a ƙasa. Akwai haukar wuta daga layi ko daga janareto. Akwai kuma sakacin mai kaya, kamar barin ta a ruwa ko jona ta a batirin da ba nata ba. Garanti na kamfani yakan ɗauki ta farko ne kaɗai. Shi ya sa kalmar farko da za ka ji daga bakin mai shago ita ce wutar NEPA ce ta ƙona, ko da kuwa bai duba ba. NEPA dai ta daɗe da shuɗewa, tun 2005 aka maye gurbinta da PHCN, daga baya kuma kamfanin Kaduna Electric ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Amma sunanta bai daina ɗaukar laifin kowa ba.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa canja kaya alfarma ce da ɗan kasuwa ke yi wa wanda ya ga dama. Doka ba ta ce haka ba. Tun 1992 gwamnatin soja ta yi Doka ta 66 wadda ta kafa Majalisar Kare Masu Sayen Kaya. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta maye gurbin waccan, ta kuma kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja.

Wannan doka ta tanadi cewa duk kayan da aka sayar wa mutum dole su kasance masu inganci, masu aiki, marasa lahani, kuma su dace da abin da aka saye su dominsa. Idan kaya suka gaza haka, mai saye yana da ikon mayar da su a cikin wata uku daga ranar da aka miƙa masa, ba tare da an caje shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa. Shi kuma mai sayarwa wajibi ne ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Bugu da ƙari, idan ya gyara amma cikin wata uku bayan gyaran matsalar ta dawo, to sai canji ko mayar da kuɗi.

Mai karatu ya lura da kyau: wannan haƙƙi yana nan ko an ba ka katin garanti ko ba a ba ka ba. Garantin da kamfani ya rubuta, na wata shida ko shekara ɗaya ko fiye, ƙari ne a kan abin da doka ta riga ta ba ka. Haka kuma rubutun nan da muke gani a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya masu lahani.

Mutum biyu, caja iri ɗaya

A nan Rafin Guza mun ga yadda abin ya kasance ga wasu samari biyu da suka sayi babur mai batir a shago ɗaya a cikin gari. Na farkon burodi yake kai wa shaguna da sassafe, kuma bashi ya ci ya sayi babur ɗin. Mako bakwai da saye, cajarsa ta fara nuna jar fitila ta ƙi ɗaukar caji. Maimakon ya ruga wurin mai gyara, sai ya ari cajar abokinsa ya jona, babur ya ɗauka lafiya. Ya kai tasa gidan maƙwabci mai sola da inbata, inda wuta ba ta hawa da sauka, nan ma ta ƙi. Duk wannan ya ɗauka a bidiyo da wayarsa. Da ya je shagon, yaron shago ya ce masa wuta ce ta ƙona, sai dai ya sayi sabuwa.

Washegari ya koma tare da wani dattijo daga cikin iyayen unguwa, da rasit, da kwalin cajar, da takarda mai layi biyar da aka rubuta masa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya gaida mai shagon da girmamawa, ya nuna masa cewa hatimin da ke kan noti bai tsage ba, babu alamar ƙuna ko warin hayaƙi, ya kuma roƙe shi ya sa hannu a kwafin takardar a matsayin shaidar ya karɓi kayan. Mai shagon ya ce sai ya tura wa dilansa a Legas. An yi mako uku ana jira, yaron yana aron caja da daddare, amma a ƙarshe an ba shi sabuwa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Na biyun, da tasa ta fara ciwo bayan 'yan watanni, gaggawa ta sa ya kai wa wani mai gyaran rediyo a bakin titi. Aka kwance ta, aka canja wani abu a ciki, ta yi kwana huɗu ta sake mutuwa. Da ya kai shago, hatimi a tsage, rasit kuma ya ɓace. Babu wanda ya iya tsaya masa, domin babu yadda za a tabbatar ko lahanin na masana'anta ne ko na mai gyara. Sai da ya sayar da tunkiyar da yake kiwo ya sayi wata.

Matakan da za a bi

Daga waɗannan misalai za mu iya fitar da hanya. Tun ranar saye, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, da lambar da ke jikin caja, ba ta babur kaɗai ba. A tambayi mai shago a fili: garantin nan ya haɗa da caja da batir, ko injin kawai? Wata nawa ne? Idan ta lalace, nan za a kawo ko wani wuri? Abin da ya faɗa, a sa ya rubuta a bayan rasit. A ɗauki hoton rasit ɗin da waya, domin tawadar irin rasit ɗin da inji ke bugawa takan goge cikin 'yan watanni.

Wanda zai kafa cajar mota a bango, kada ya ce araha zai bi, domin araha ba ta ado. Kamfanoni da yawa suna sharɗanta cewa ƙwararren mai aikin wuta ne zai kafa, in ba haka ba garanti ya faɗi. Hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa a ƙasar nan. A nemi mai irin wannan takarda, a sa masa sharaɗin jawo layi na musamman daga allon wuta, da na'urar kare haukar wuta, da wayar ƙasa mai kyau, sannan ya ba da tasa takardar aiki.

Ranar da matsala ta ɓullo, a cire caja daga wuta, kada a kwance ko noti ɗaya. A rubuta ranar, a ɗauki hoton fitilar da take nunawa. A kai ƙorafi da wuri, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne, domin kwanan watan da aka fara kai kuka shi ake dubawa, ba ranar da mai shago ya ga damar amsawa ba. Idan za a bar masa kayan, a karɓi shaidar karɓa. Akwai masu jan mutum da gobe da jibi har wa'adi ya cika, sannan su ce garanti ya ƙare.

Idan mai shago ya ƙi, a nemi kamfanin da ya shigo da kayan ko wakilinsa. Idan nan ma aka toshe kunne, hukumar FCCPC tana karɓar koke ta intanet ko a ofisoshinta, kuma doka ta bar wa mutum ƙofar kotu a buɗe. Idan kayan jabu ne, Hukumar Kula da Ingancin Kaya, SON, ita ma tana da hurumi. In kuwa ta tabbata wuta ce daga layi ta yi ɓarnar, to ƙorafin na kamfanin wuta ne: a fara da sashensu na sauraron koke, in ba a gamsu ba a wuce ga hukumar NERC mai sa ido a kansu.

Wannan shawara ta shafi kwamitocin ikilisiyoyinmu da ke sayen inbata, batir da lasifika da kuɗin baikon jama'a. A rubuta rasit da sunan ikilisiya, a ajiye wurin ma'aji, kada ya zauna a aljihun wanda aka aika, wanda gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki.

Namu nauyin

Ba za mu rufe ba sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Rafin Guza a bakin Kogin Kaduna take, kuma mun san yadda ruwa ke shiga gidaje idan damina ta yi nisa. Cajar da ta kwana a cikin ruwa ba lahanin masana'anta ba ne. Wanda ya shanya ta a rana ya kai shago ya rantse haka kawai ta mutu, ya zalunci ɗan kasuwa, ya kuma ɓata wa na bayansa hanya, domin irin wannan ne ke sa masu shago su daina yarda da kowa. A rataye caja a sama, nesa da ƙasa da yoyon rufi, inda iska ke ratsawa.

Akwai kuma maganar rai. Yawancin batiran nan na litiyam ne, kuma idan aka ɗura musu wutar da ta fi ƙarfinsu suna iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kada jiran canji ya sa mutum ya sayi kowace irin caja don bakinta ya shiga ramin. A duba lambobin da ke jikinta su yi daidai da na asali. Kada a yi caji a ɗakin da yara ke barci, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita.

Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. Ɗan kasuwan da ya rubuta garanti ya ɗauki kaya a kansa, kuma wanda ya sauke shi da daɗin rai ya sayi amanar unguwa guda. Mu kuma masu saye, mu riƙe takardunmu, mu nemi haƙƙinmu cikin ladabi ba tare da tsoro ba, mu kuma raka maƙwabcin da bai iya karatu ba idan tasa ta same shi. Allah ya tsare mana dukiyarmu da rayukanmu.