Amurka: Idan alƙalan wasan softbol biyu suka saɓa, maganar wa ake ɗauka?

A makarantun sakandaren Amurka, inda 'yan mata suka fi buga softbol, galibi alƙalai biyu ne ke kula da wasa. Ɗaya na tsayawa bayan mai cafe ƙwallo yana auna kowace jifa, ɗayan kuma yana cikin fili yana lura da zangunan da 'yan wasa ke sheƙawa, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin mita 18. Hukumar NFHS mai hedikwata a Indianapolis ce ke rubuta dokokin da yawancin jihohi ke bi.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ɗauka na bayan mai cafe ƙwallo ne ke da ta cewa, kamar yadda alƙalin tsakiya kan yi watsi da tutar mataimakinsa. A nan ba haka abin yake ba. Ko da yake shi ne shugaba, ba shi da hurumin soke hukuncin abokin aikinsa. Kowa da ɓangarensa, kuma wanda ya yanke hukunci shi kaɗai ke iya sauya shi.

Misali, alƙalin fili ya ce 'yar wasa ta fita a zango na farko, alhali ɗayan ya hango ƙafar mai tsaron zangon ta zame kafin ƙwallo ta iso. Zai yi shiru ne har sai an tambaye shi. Koci kan nemi wanda ya yanke hukuncin ya tuntuɓi abokinsa. Idan ya yarda, sai su keɓe nesa da kunnen jama'a, ɗayan ya faɗi abin da idonsa ya gani, mai hukuncin ya tsaya kan bakansa ko ya gyara da kansa.

Shirun nan ne ya fi ciwo, domin ƙungiya na iya rasa wasa a kan kuskuren da wani ya gani ƙarara. Amma alƙalin da aka kunyata a gaban iyaye da koci, da wuya a sake yarda da maganarsa a ranar, ga shi yawancin waɗannan filaye ba su da bidiyon da zai raba gardama.

Kuskuren fassara doka daban ne: wannan kam ana sa ran abokin aiki ya ankarar nan take, kafin a sake jefa ƙwallo. Sauran ƙorafi sukan bar shi sai an tashi, su tattauna su biyu a wajen ajiye motoci.