Bayani a kan sunan Cadawa da hanyar da ta ratsa ta

Ka sani, ya kai ɗalibi, marubutan ajami suna rubuta sautin "ca" da harafin ث, mai ɗigo uku a bisa. Wanda ya karanta shi da lafazin Larabci sai ya ɓata sunan, ya nemi garin ya rasa. Cadawa ake nufi, gari ne a gundumar Agye, jihar Maraɗi, ƙasar Nijar.

Mai tafiya daga Maraɗi ya nufi gabas, Cadawa zai taras, sannan Agye, Gazawa, Tasawa, har Damagaram. Daga Cadawa kuma hanya ta rabu, ta yi arewa zuwa Mayahi. Ta yamma da Maraɗi akwai Tibiri ta Gobirawa, sannan Gidan Rumji.

Faɗakarwa: bayan Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, suka riƙe sarautarsu da sunanta. Saboda haka in ka ga "Sarkin Katsina" a takardun wannan yanki, ka duba zamanin da wurin kafin ka yanke hukunci, domin sau da yawa na Maraɗi ake nufi. Wallahu a'alamu.